Yadda za ka hau keke a bayan Kano ba tare da kokawa da motoci ba

Duk mai hawa keke a cikin Kano ya san ba domin shi aka yi titi ba. Ɗan A Daidaita Sahu zai sha gabanka ya tsaya cak saboda ya hango fasinja, mai mota ya buɗe ƙofa bai duba madubi ba, tirela ta matse ka har feda ta goge bakin kwata. Shi ya sa da yawa daga cikin masu sayen keke don motsa jiki suke jingine shi a soro, ƙura ta rufe shi. Ni har yau ina hawa, kuma a mafi yawan tafiyata ba na gamuwa da mota sai jefi-jefi, domin na bar kwalta na koma burji da turba. Hanyoyin suna nan kewaye da birnin, kudu da arewa, wasu suna bin gaɓar kogi, wasu suna kai ka garuruwan da aka taɓa kewayewa da ganuwa.

Matasan unguwarmu sukan nuna mini bidiyon Turawa suna tuƙa keke a bakin kogi, gidajen sarakuna na dutse a kan tuddai, babu mota ko ɗaya. Abin gaskiya ne. A Faransa akwai hanyar keke mai kimanin kilomita 900 da ta bi Kogin Loire, tana ratsa yankin gidajen sarauta irin su Chambord, wanda aka fara ginawa a 1519. Akwai wadda ta bi Kogin Danube daga Passau a Jamus zuwa Vienna a Ostiriya, sama da kilomita 300, kuma yawancinta tsohuwar hanyar dawakin da ke jan jiragen kaya ce daga bakin gaɓa. Da jirgi mai inji ya zo, dawakai suka bar aikin, daga baya aka gyara hanyar aka bar wa masu keke. Namu hanyoyin ma na aiki ne, amma masu su ba su tashi ba. Manomi yana bi da buhun taki a bayan babur, makiyayi yana bi da garke, yara suna bi da amalanke. Babu allon da ya hana mota shiga, ƙuncin hanyar da rairayinta ne suka hana ta. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa ya ginu a kan abu guda: kai baƙo ne a wurin aikin wasu, kuma jin daɗin tafiyarka ya rataya ga yadda ka riƙe wannan.

Fara da zaɓen lokaci. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu ne lokacin hawa. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta tsane ta yi tauri, an yi girbi har kana hango nesa, safiya kuma da sanyi. Ranar da hazo ya yi kauri ka ɗaura ƙyalle a hanci, ka shafa man kaɗanya a leɓe, ko ma ka haƙura da fitar in kana da asma. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, saboda haka in za ka fita to ka dawo gida kafin ƙarfe goma. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, amma a Agusta laka tana cika tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi juyawa, kuma rafin da ka tsallake da safe a bushe yana iya kawowa kafin la'asar, ko da a inda kake ba a yi ɗigo ba. Ka kuma tuna Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana hana zirga-zirga da safe.

Keken kansa ba sai mai tsada ba. Abin da burji yake nema shi ne taya mai faɗi. Siririyar tayar keken tsere tana nutsewa a rairayi, tana kuma fashewa a kan tsakuwa. Nemi taya mai faɗin milimita 38 zuwa 45, ko irin ta keken hawan dutse mai inci biyu, wanda ake samu na gwanjo a kasuwa. In za ka sayi na gwanjo, ɗaga shi ka juya kowace taya ka ga ko rim yana rawa, matsa birki biyun, canja giya daga ta farko har ta ƙarshe, sannan ka duba wuraren walda ko akwai tsaga. Tsohon Raleigh ko Phoenix irin na iyayenmu ma yana zuwa ko'ina, mutanen ƙauye da shi suke ɗaukar buhu. Nauyi ne da shi kuma babu giya, amma kowane mai gyara a kowane ƙauye ya san cikinsa, kayansa ma ba su da wuyar samu.

Babban abokin gabarka a waɗannan hanyoyi shi ne ƙaya, musamman tsidau, ɗan tsiron nan mai yaɗo a ƙasa da furanni rawaya. 'Ya'yansa suna zuba a gefen hanya, kuma guda ɗaya ya isa ya sauke maka taya. Akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa, waɗanda manoma ke sarewa su yi shinge da su, sai guntaye su warwatsu a kan turba. Maganin farko shi ne ka tsaya a tsakiyar sawu, kada ka gangara cikin ciyawar gefe, kada kuma ka tura keke cikin gona in za ka huta. Na biyu, tsaga tsohon tub ka shimfiɗa shi a cikin taya kafin ka sa sabon, zai ƙara kauri tsakanin ƙaya da iska. Na uku, ka koyi faci da hannunka kafin ka fara nisa. Zauna wurin mai facin unguwarku ya nuna maka: a goge wurin, a shafa sholisho, a bar shi ya sha iska har ya daina sheƙi, sannan a manna. Kuma kafin ka mayar da tub, zagaya cikin taya da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba nan take za ta sake hudawa. A jaka ka riƙe tub biyu, kayan faci, famfo, sifana da ta dace da notin tayarka, da ɗan man sarƙa. Hular kwano kuma ba kwalliya ba ce, ka sa ta.

Iska ma tana da ƙa'ida. Masu faci sun saba cika taya ta yi tauri don kwalta da ɗaukar kaya. A burji ka rage kaɗan, yadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa. Za ta fi kama ƙasa, gargada kuma ba za ta kashe maka hannu ba. Kada dai ka rage har rim ya riƙa bugun dutse. In ka hango rairayi, sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, matsa baya a kan sirdi, saki kan keken ya ɗan yi wasa, ka ci gaba da tuƙi ba tsayawa, kada ka taɓa birkin gaba. Bi sawun babur, domin nan ne ƙasa ta fi danƙarewa. In ya yi zurfi, sauka ka tura. Kowa a hanyar haka yake yi.

Wahalar duka tana cikin fita daga birni. Dabarar ita ce ka tashi da an idar da sallar asuba, da fitila a gaba da ja a baya, ka bi lunguna da ƙananan layuka, manyan tituna kuwa ka tsallaka su kawai, kada ka bi tsawonsu. Wayarka ta zauna a cikin jaka har ka bar gari, saboda masu ƙwace sun fi ƙarfi a wannan lokaci. Kada ka fita kai kaɗai. Mutum uku ko huɗu sun isa, fiye da haka kun zama ayari, turba ba za ta ɗauke ku ba.

Wanda bai saba ba ya fara da ganuwa, da safiyar Lahadi kafin gari ya tashi. Nan kwalta ce, amma a wannan sa'a kusan babu kowa. Daga Ƙofar Nassarawa ka bi ta Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya har Kabuga. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, shi ne kuma ya gina Gidan Rumfa da sarakunan Kano suke zaune a ciki tun daga lokacin. Ta wannan ɓangare na Kabuga ne sojojin Ingila suka shiga birnin ranar 3 ga Fabrairu 1903. A kan keke za ka ga abin da mai mota ba ya gani: inda ganuwar take tsaye da kaurinta, inda aka yashe ƙasarta aka yi bulo, inda aka cike kududdufin da ke gindinta aka kafa gini. Wannan yana ci mini rai matuƙa, shi ya sa nake roƙon duk wanda na fita da shi kada ya hau kanta da keke. Ƙasa ce, taya tana yanka mata hanya, ruwan damina ya bi ya zaizaye. In ka gama, shiga ta Gidan Makama ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin da aka adana.

Tafiya ta biyu Fanisau ce, a ƙasar Ungogo, ta Jaba, bayan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ba ta da nisa, yaro mai ƙwari ma zai iya. A kusa da filin jirgi kada ka fito da waya ka ɗauki hoto. Garin yana cikin duwatsu, da gidan sarki wanda tarihinsa ke komawa ga Sarki Ibrahim Dabo, da ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Sansani ne na tsare arewacin Kano a lokacin rikici da Ɗan Tunku, wanda ya yi wa sarkin tawaye, kuma a can wani Baturen Ingila mai yawon bincike, Clapperton, ya je ya gaida sarkin a 1824. Hawan Fanisau da ake yi bayan salla nan ake zuwa. Gidan ba wurin shiga kai tsaye ba ne. Jingine keke nesa da ƙofa, yi sallama ga wanda ka tarar, ka ce, "Ranka ya daɗe, daga cikin gari muke, mun zo ganin gidan tarihi ne, ko da izini?" Abin da ya ce shi ke nan. Daga Fanisau turbobi suna ratsa gonaki su gangara kwarin Jakara, wanda ke tafiya har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Lambunan latas, alayyafo da kabeji ne ko'ina. Sai dai ruwan Jakara ya kwaso dattin birni da na masana'antu, ko hannu kada ka wanke da shi.

Kudu da birni akwai Kogin Challawa. Ta Ɗorayi ko Sharaɗa ka nufi Panshekara, daga nan ka nemi turbobin da ke bin gaɓa. Da rani kogin yana ja da baya ya bar faffaɗan yashi, ga mangwarori da lambuna a gefe. A wajajen Tamburawa yake haɗuwa da Kogin Kano, su zama kogin da ke wucewa ta Wudil ya nufi Haɗeja. Abu biyu za ka kiyaye a nan. Akwai hanyoyin da tifofin yashi suke bi, za ka gane su da zurfin sawu da ƙurar da ta lulluɓe ganyayen gefe. Direban tifa mai lodi ba ya iya tsayawa da wuri, kuma a cikin ƙurarsa ba ya ganinka, don haka da ka ji ƙugin inji ka fita daga hanyar gaba ɗaya, in da wata turba ka canja. Sannan wuraren da aka haƙi yashi suna barin ramuka masu zurfi a ƙarƙashin ruwan da kake gani kamar bai kai gwiwa ba. In za ka haye, tambayi inda mutanen wurin suke hayewa, ko ka biya mai fito ya ɗauke ka da kekenka. Gadar jirgin ƙasa ba ta mai keke ba ce.

Wadda na fi so, wadda kuma nake ganin babu kamarta a duk ƙasar Kano, ita ce ta Kadawa. Titin Zariya ba wurin keke ba ne, kada ka gwada. Je Unguwa Uku ko Na'ibawa ka yi ciniki da direba ya ɗaura keken, ka sauka a Karfi ko Kura. Daga nan ka shiga filin noman rani na Kadawa da ya mamaye ƙasashen Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwansa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta babban kanal, wato hanyar ruwan da aka gina, da ya rarrabu zuwa ƙanana har cikin gonaki. Kusan kowane kanal yana da hanya a gefensa, wadda aka yi don masu kula da ruwa da masu fito da amfani. Ita ce hanyar kekenka. A shimfiɗe take, babu hawa babu gangara sai kaɗan, domin ruwa ne ya tsara ta. A watan Janairu, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fari, nan kore ne shar iya ganinka: alkama, shinkafa, albasa, masara, da tumatir da ake lodawa a kwanduna a kai kasuwar Kwanar Gafan. Balbelu suna bin masu huɗa, iska tana zuwa da ɗanshi, kuma za ka yi tafiya mai tsawo ba ka ji hon ba.

Ɓata a nan yana da sauƙi, saboda kanal ya yi kama da kanal. Taswirar waya tana nuna manyan hanyoyin ruwan in ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam, amma ba ta san inda kwalbati ta karye ba, ko inda wani ya datse hanya ya ja ruwa zuwa gonarsa. Riƙe wannan a ka: in kana tafiya ruwa yana tahowa ta gabanka, Tiga ka nufa, in kuna tafiya tare, kana komawa wajen Kura da Karfi. Sauran kuma baki ne. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar tana da tsari. Sauka daga keke, gaida mutum tukuna, "Sannu da aiki, Baba, ya ruwa, ya amfani?", sannan ka ambaci sunan garin da za ka, ka nemi ya lissafa maka ƙauyukan da ke tsakani. Sunayen ƙauyukan nan su ne taswirarka. In ya ce "nan kusa ne", tambaye shi minti nawa ne a babur, ka ninka sau uku.

Hanyar gefen kanal siririya ce, saboda haka mai kaya shi ke da hanya. Babur mai kwandunan tumatir, jaki, amalanken shanu, duk ka ratse musu. In garke ya taho, sauka ka tsaya gefe ɗaya, keken a tsakaninka da shanun, kada ka kaɗa ƙararrawa, ka gaida makiyayin ka bari su wuce. Kusa da ruga akwai karnuka, gudu kuwa shi ke sa su bi ka, don haka sauka ka yi kira har wani ya fito. Za ka tarar da shanyar shinkafa, barkono ko yankakken tumatir a bakin hanya, wani lokaci a kan hanyar ma. Ɗaga keken ka kewaye. Tiyon ban ruwa da aka gitta a hanya shi ma kada ka taka, kuɗi mai shi ya sa. Kada ka tsinki ko tumatir ɗaya ba a ba ka ba. Sau da yawa in ka yi gaisuwa mai kyau za a cika maka leda, in kuma ka saya kada ka yi cinikin ƙeta. Hoton mata ko na cikin gida ba a ɗauka, na mutum a gonarsa ma sai ya yarda.

Ruwan kanal yana jan hankali in rana ta take, amma kada ka shiga. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya yana rayuwa a irin wannan ruwa, tsutsar kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Babban kanal yana da ƙarfin ja, gefensa da santsi, wanda ya faɗa da wuya ya fito shi kaɗai. Alwala ka yi a famfon ƙauye ko rijiyar masallaci. Na sha kuwa ka taho da shi, aƙalla lita biyu zuwa uku, ka riƙa kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba. Gora ɗaya ka haɗa ta da gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino, ƙuli-ƙuli da gurasa ba sa lalacewa a jaka. Fura da nono kuma za ka samu a inuwar kusan kowace kasuwa. In kanka ya fara sarawa, ko ka ji jiri, nemi gindin tsamiya ka zauna, tafiyar ranar ta ƙare.

Masu ƙarfin ƙafa suna iya zarcewa. Kudu maso gabas, bayan Bunkure, ƙasa tana fara tashi, duwatsu suna fitowa, har ka isa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, garin Autan Bawo, a zaune a gindin duwatsunsa da fadar sarkinsa. Nan giya take amfani, birki ma dole ya zama lafiyayye, domin gangara a kan tsakuwa tana kwashe tayar gaba in ka matse ta da ƙarfi. Yamma da titin Zariya kuma akwai Bebeji, garin da ya rufe ƙofarsa ya tari rundunar Ingila ta Kanar Morland a kan hanyarta daga Zariya zuwa Kano a 1903, aka fasa ƙofar da igwa. A irin waɗannan garuruwa ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ka gabatar da kanka, ka roƙi a haɗa ka da dattijon da zai nuna maka inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi suke. Wani wurin tudun ƙasa kawai za ka gani a tsakiyar gona, da kukoki a jere, sai an faɗa maka za ka gane. Ka tanadi ɗan goro na dattijon.

Iyakata ta kudu Tiga ce. Ba na shiga wajen dajin Falgore da keke, ba na kuma ba kowa shawarar nufar ƙauyukan kan iyaka da Katsina a halin da ake ciki. Ko ina za ka, kira wani ɗan garin da daddare ka ji labarin hanya, ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa da lokacin dawowa, ka riƙe katin shaida da 'yan canji, saboda 'yan sintiri suna iya tsayar da baƙo su yi masa tambaya, kuma haƙƙinsu ne. Lissafa tafiyarka yadda azahar za ta same ka a garin da akwai mota, ka yi salla, ka ci abinci, ka ɗora keken a dawo da kai. In ka iso gida, goge sarƙa da tsumma da ɗan kananzir, bar ta ta bushe, ɗiga mata mai kaɗan ka share ragowar, domin mai da yawa ƙura yake tarawa ya cinye haƙoran giya. Sannan ka juya tayoyin a gaban fitila ka cire ƙayoyin da suka maƙale tun ba su kai ga tub ba.